Cin abinci da shan gahawa a ƙananan gidajen abinci na Kano: yadda ake zaɓe, yadda ake oda, da abin da ake dubawa

Gidan abincin da mai shi yake zaune a ciki daban yake da reshen babban kamfani. A reshen kamfani, kazar da ka ci a Kano ita za ka ci a Abuja, awo ɗaya, ɗanɗano ɗaya. Amma a wurin da Hajiya da kanta take ɗanɗana miya kafin a sauke, ko shagon saurayin da ya tara kuɗinsa ya sayi injin gahawa, abin ya danganta da hannu, da cefanen ranar, da kuma lokacin da ka shigo. Shi ya sa mutum biyu za su ci a wuri ɗaya, wannan ya fito yana yabo, wancan yana rantsuwar ba zai koma ba, kuma kowa gaskiya ya faɗa. Na farko ya zo ana sauke tukunya, na biyu ya zo bayan la'asar ya tarar da ƙanzo. Irin waɗannan wurare sun cancanci a riƙa zuwa, domin a nan ainihin girkin garin yake, kuma kuɗin da ka biya a cikin gari yake zagayawa. Sai dai suna buƙatar mai ci ya san abin da yake yi.

Unguwa da abin da ta iya

Kafin ka tari adaidaita sahu, yanke shawarar abin da kake son ci, domin kowane ɓangare na Kano da abin da ya fi ƙwarewa a kai. Cikin birni da kewayen kasuwanni, irin su Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai, nan ne gidan tuwo da waina da ɗanwake da gurasa. Jakara ta daɗe da yin suna wajen gurasa ta tanderu. Fagge da gefen Kantin Kwari suna ciyar da 'yan kasuwa da baƙi daga ƙasashe maƙwabta, don haka tukunya ba ta daɗewa a ƙasa. Nassarawa da Bompai nan ne aka fi samun gidajen gahawa masu inji, da abincin Lebanon da Indiya da Sin. Wannan ba sabon abu ba ne: 'yan Lebanon da Siriya sun zauna a Kano tun farkon ƙarni na 20, suka ƙaru bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, ga Titin Beirut nan shaida. Titin Gidan Zoo na matasa ne, shawarma da gasasshen kifi da kaza, kuma sai dare yake cika. Sabon Gari kuwa ita ce wurin sakwara da miyar agushi da amala. A can, da kuma gidajen abincin Sin, Musulmi ya tambayi irin naman da ke cikin tukunya kafin a zuba. Tambayar ba laifi ba ce, masu wurin sun saba da ita.

Lokaci ya fi ado muhimmanci

Waina da ƙosai da kunu na safe ne, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe 10. Ɗanwake na hantsi. Abincin rana a yawancin gidajen gargajiya yana sauka tsakanin ƙarfe 12 da 2, kuma wanda ya zo a wannan tsakani shi ne yake cin abincin yadda mai girkin ta nufa. Masu tsire da balangu suna hura wuta da yamma, naman farko yana fitowa kafin magariba. Ranar Juma'a wurare da yawa suna rufewa ko su rage ma'aikata lokacin masallaci, sannan a cika maƙil bayan an sauko. A watan azumi tsarin duk yana juyawa: rana a rufe, sai dab da shan ruwa. Idan za ka yi buɗa-baki a waje, kira tun la'asar a ajiye maka teburi, ka faɗi adadin mutane da abin da za a ci, don kicin ɗin da zai ciyar da teburi ashirin a minti ɗaya ba ya iya karɓar sabuwar oda.

Dalilin wannan maganar lokaci ba ɗanɗano kaɗai ba ne. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa cikin dafaffen abinci idan zafinsa ya faɗo tsakanin digiri 5 da 60. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a wannan hali, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. A Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana kaiwa digiri 40. Shinkafa ce ta fi yaudara, domin akwai ƙwayar cutar da ba ta mutuwa a dahuwa, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Saboda haka shinkafar da aka buɗe kula tururi ya tashi ta fi wadda ke shimfiɗe a tire mai kyau tana ɗumi-ɗumi. Miyar da ke da gyaɗa, kamar taushe, ita ma tana saurin juyawa.

Minti biyar na farko

Yi sallama, ka ce sannunku da aiki, sannan ka wuce wurin wanke hannu kafin ka zauna. Wurin nan yana faɗa maka halin kicin ɗin da ba ka gani. Ruwa mai zuba daga famfo ko buta, da sabulu, alama ce mai kyau. Roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne. Nemi a zuba maka daga buta.

Daga nan duba abu uku. Na farko, su wa ke ci? Wurin da 'yan kasuwar layin da ma'aikatan ofisoshin kusa suke cika kullum, abincinsa ba ya kwana. Na biyu, hannun da ke karɓar kuɗi shi ne yake taɓa nama ko burodi? Na uku, man suya. Man da ya yi baƙi, yake kumfa, yake hayaƙi tun kafin a saka komai, an maimaita shi fiye da kima, kuma duk abin da aka soya a ciki zai yi ɗaci ya tsaya a maƙogwaro.

Dubi menu ma. Ƙaramin wuri mai murhu uku da ya rubuta abinci kala sittin, daga tuwo har fiza, ba zai iya dafa su duka yau ba. Rabinsu a firiza suke. Kuma inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, abin da ke firiza yana narkewa ya sake daskarewa sai in janareto ko sola na riƙe da shi. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: "Malam, me aka sauke yanzu?" ko "Hajiya, yau me ya fi kyau?" Mai wurin da ke alfahari da girkinta za ta faɗa maka gaskiya, har ta ce bar wannan, ɗauki wancan. Ma'aikaci kuma a kira shi da Malam ko ɗan'uwa, mace a ce Malama ko 'yar'uwa, dattijuwa a ce Hajiya ko Inna. Tafa hannu ko tsaki ba kira ba ne.

Yadda ake gane abincin da aka yi da kyau

Tuwon shinkafa ya zo da laushi, babu gudaji, kuma malmalar ba ta yi ɓawo a sama ba; ɓawo yana nuna ta daɗe da kwashewa. Ana oda da malmala, don haka fara da biyu, ƙari ba ya wuya. Miyar kuka idan ruwa ya kwanta a samanta, an tsinka ta ne don ta kai yamma. Taushe mai kyau kabewar ta narke ta ba ta kauri, tsamin yakuwa yana nan amma bai danne gyaɗar ba.

Waina tana da gefe ja mai ƙaras-ƙaras, cikinta fari mai huji-huji, da ɗan tsami kaɗan. Idan ta yi nauyi kamar tuwo, ƙullin bai tashi ba. Idan tsamin ya hau kai, ƙullin ya wuce lokacinsa. Tsaya kusa da tanda a kwaso maka, ta fi wadda aka tara a kwano. Ɗanwake ba ya jira: da an tsame shi a zuba mai da yaji a ci, in ya huce sai ya yi tauri. Idan ka ji ɗaci-ɗaci kamar sabulu, kanwa ta yi yawa.

Wajen mai nama, nuna yankin da kake so da kanka, ka faɗi ko tsoka zalla ko da kitse, sannan ka ce a mayar wuta. Minti biyu ko uku a kan garwashi ya isa ya dawo da shi. Ka roƙi a sa yaji a gefe maimakon a bulbula, don ka ji ɗanɗanon naman tukuna, kuma a naɗe a takarda marar rubutu, saboda tawadar jarida tana narkewa cikin mai. Yajin tsire da na bandashe ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsu, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya kiyaye, haka ma kilishi.

Gasasshen kifi, ko tarwaɗa ko ƙarfasa, a yi cinikinsa kafin a gasa, kuma ka ga kifin. Tarwaɗa ta fi kyau a kamo ta da rai. Ƙarfasa a duba ido ya yi garau, cikin kunnensa ja, jikin in an danna ya dawo. Kifi babba yana cin minti 30 zuwa 40 a wuta; wanda aka kawo maka cikin minti goma an riga an gasa shi ɗumamawa aka yi. Kaza kuma a tsaga wajen ƙashin cinya, in akwai ja ko ruwan jini, a mayar.

Shawarma da haɗin salak su ne suka fi kwantar da mutane, ba don naman ba, don mayonis da kabejin da aka yanka tun safe suka zauna a zafi. Duba ko daga firji ake ɗauko su. A gidan abincin Lebanon kuwa kada kowa ya yi odar farantinsa shi kaɗai. Ana fara da ƙananan kwanuka na tarayya, hummus da tabbula da falafel da kibbe, a ci da gurasarsu, sannan gasasshen nama ya biyo. Mutum huɗu, ƙananan kwanuka huɗu ko biyar da babban farantin gashi ɗaya ya wadatar.

Gahawa

A Kano kalmar kofi tana nufin abin sha da kuma mazubinsa, kuma mutane da yawa in sun ce kofi, garin gwangwani mai narkewa suke nufi. Don haka tambayar farko a kowane gidan gahawa ita ce: ta inji ce ko ta gwangwani? Ta gwangwani ba aibu ba ce, amma bai kamata a biya mata kuɗin ta inji ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. In ta gaske ce za ka ga ƙwayoyin gahawa a cikin injin niƙa, kuma za ka ji ƙarar niƙa bayan ka yi oda. Garin gahawa yana rasa ƙamshinsa cikin ɗan lokaci bayan niƙa, shi ya sa masu yin abin da kyau suke niƙa wa kowane kofi nasa.

Ƙwayar iri biyu ce a kasuwa. Arabika ta fi ƙamshi da ɗan tsami mai daɗi. Robusta ta fi ɗaci da kauri, kuma sinadarin kafin da ke hana barci ya kusa ninka na arabika a cikinta. Burazil ce ta fi kowace ƙasa noma gahawa, Habasha kuma ita ce asalin arabika. A nan gida ana noma arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kuma wajen Jos, kuma in ka tarar da shagon da ke da ita, gwada ta. Tambayi ranar da aka soya ƙwayar. Tsakanin mako ɗaya zuwa shida bayan suya ita ce ganiyarta. Wadda ta yi watanni a buɗe, ga zafin Kano, sai ta koma ɗanɗanon kwali.

Esfireso shi ne tushen duk abin da inji ke yi. Awon da aka fi bi a yau: garin gahawa giram 18, a danne shi daidai a cikin hannun injin, ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ya ratsa shi da ƙarfi, a samu kimanin giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Kana iya ƙirgawa daga inda kake zaune. Idan ta zubo kamar famfo ta gama cikin daƙiƙa 12 ko 15, niƙan ya yi tsaki-tsaki, za ta zo da tsami da salam. Idan tana ɗiga da ƙyar har ta wuce daƙiƙa 40, niƙan ya yi laushi da yawa, za ta zo da ɗaci da bauri kamar ƙonanniya. Wadda ta yi daidai tana zubowa siririya kamar zuma mai ɗumi, da kumfa ruwan ƙasa a sama wadda ba ta watsewa nan take. Ɗaci mai warin tsohon mai kuwa daga injin da ba a wankewa yake. Wani abin lura: injin yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya yi zafi sosai. Idan yanzu aka buɗe shago, ko yanzu wuta ta dawo, kofin farko zai zo da sanyi da tsami. Ka ci wani abu tukuna. Ruwan ma yana da hannu, domin ruwa mai zartsi yana ɓata ɗanɗano ya toshe inji, kuma shagon kirki yana tace ruwansa.

Sauran sunayen da ke kan allo duk esfireso ne da ƙari. Amerikano, an ƙara masa ruwan zafi. Kafucino, madara da kumfa mai kauri a ƙaramin kofi na mililita 150 zuwa 180. Latte, madara ta fi yawa, kumfa kaɗan, kofin ya fi girma, kuma shi ya fi dacewa da wanda bai saba ba. Moka, an sa cakulan. Ana dumama madarar da bututun tururi zuwa digiri 60 ko 65. In ta haura 70, zaƙinta ya tafi, ta yi ƙauri, kumfar ta zama manyan ƙwai-ƙwai kamar ta sabulu. Kumfa mai kyau tana sheƙi, ba ka ganin ƙwayarta. Saboda haka kada ka ce a yi maka latte mai ƙuna. In kana son ya daɗe da zafi, ce a ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin a zuba. Kalli bututun tururin kuma: in busasshiyar madara ta daskare a jikinsa, ba a goge shi bayan kowane amfani, ka koma amerikano.

Kurɓi ɗaya kafin ka sa sukari. Gahawar da aka yi daidai ba ta buƙatar cokali uku, kuma ta haka ne kaɗai za ka san ko shagon ya iya. Masu sanyi da ake haɗawa da ƙanƙara da ruwan zaƙi kuwa, kowace matsa ɗaya ta ruwan zaƙin kusan ƙaramin cokali ɗaya ne na sukari, kuma ana sa uku ko huɗu. Mai ciwon sukari ya ce a sa ɗaya ko a bari.

Gahawar Larabawa, wadda alhazai suka sani, wata aba ce daban. Suyar ƙwayar sama-sama ce, launinta ruwan ɗorawa, ana dafa ta da hel, ƙwayar nan koriya mai ƙamshi, ba a sa sukari, dabino ne zaƙinta. Ana zuba kaɗan a finjali, a karɓa da dama, in ka ƙoshi ka girgiza finjalin kafin ka miƙa. Ta Turkawa da 'yan Lebanon kuma baƙa ce, garinta laushi kamar fulawa, ana dafa ta a ƙaramar tukunya mai dogon hannu a juye ba tacewa. Tare da sukari ake dafa ta, don haka tun wajen oda za ka faɗa: sada babu sukari, wasat tsaka-tsaki, hilu mai zaƙi. In an kawo, bar ta minti ɗaya ko biyu garin ya kwanta, kada ka juya da cokali, kuma ka tsaya in ka fara jin gari a harshe. Sai gahawar masu buta ta bakin kasuwa, mai citta da kanumfari, wadda take da daɗi a sanyin hunturu. Abin dubawa a wurinsu shi ne yadda ake wanke kofuna.

Ƙaramin esfireso ɗaya yana da sinadarin kafin kimanin miligiram 60 zuwa 65, kuma a yawancin shaguna esfireso biyu ake sawa a kofi. Babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu 200. Jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya rage rabinsa, don haka kofin bayan isha'i yana nan a jini har tsakar dare, ya sa asuba ta yi nauyi. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya sha bayan ya ci abinci, kuma ya bi abin da likitansa ya ce.

Ruwan inabi da sauran abin sha

A ƙasashen Turai gidan abinci da giyar inabi tare suke tafiya. A Kano ba haka ba ne. Jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, kuma dokar jiha ta hana sayar da barasa. Baƙon da ka kai cin abinci ya san da haka tun a hanya, kada ya tambaya a ji kunya. Abin da za ka gani a kan teburi cikin doguwar kwalba mai toshiya shi ne ruwan inabi marar barasa, kuma shi ma iri biyu ne, ya kamata a bambance. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda aka fara yin giya da shi sannan aka cire barasar, kuma irin wannan yana iya riƙe har kashi 0.5 cikin 100. Karɓi kwalbar a hannunka kafin a buɗe, ka karanta lambar da ke gaban alamar %. Giyar inabi ta ainihi tana tsakanin 11 da 15. Wanda ke son kauce wa shubuha ya nemi 0.0, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A sha shi da sanyi sosai, digiri 6 zuwa 8, in ba haka ba zaƙin ya yi yawa. Kwalba mai mililita 750 tana ba mutum biyar ko shida. Wajen buɗewa a karkata ta, a riƙe toshiyar da tafin hannu a juya kwalbar a hankali, kada bakinta ya kalli fuskar kowa, domin kwalbar da ta sha zafi a mota toshiyarta da ƙarfi take fita.

Inda barasa ta fi ɓoyewa ba a kwalba ba ne. Chapman na asali, wato lemon nan na haɗi, ana ɗiga masa wani ruwan ɗaci mai suna Angostura, wanda kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ne. Ɗigo kaɗan ne, amma ka ce a yi maka ba shi. Tiramisu da wasu kek na Turawa a girkinsu na asali akwai giya, haka wasu miyoyin Italiya da Faransa da na Sin. Yawancin masu girki a Kano sun cire ta, amma tambaya ita ce tabbaci. Kuma maganar cewa wuta tana ƙone ta duka ba daidai ba ce: miyar da ta tafasa minti 15 tana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba.

Abin shanmu na gida ya fi dacewa da abincinmu. Zoɓo mai tsami da citta yana yanke maiƙon balangu da soyayyar kaza. Ruwan tsamiya yana tafiya da dambu. Fura da nono kuwa abinci ce da kanta, ba a haɗa ta da tuwo. Kunun aya shi ne mai saurin lalacewa, sa'o'i kaɗan a waje ya isa. In robar ta kumbura ko iska ta fito da ka buɗe, ko kunun ya yi yauƙi, mayar. Tambayi da wane ruwa aka yi ƙanƙara, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. In babu amsa mai gamsarwa, ɗauki abin da ya yi sanyi a firji, ka bar ƙanƙarar.

Biyan kuɗi

Farashi yana canzawa da sauri, har wasu menu sun tsufa. Tabbatar da kuɗin kowane abu wajen oda, musamman kifi da nama da ba su da tsayayyen farashi. A manyan wurare tambayi ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da haraji. Harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020, wasu kuma suna ƙara kuɗin hidima. Misali, abincin naira 20,000, VAT ɗinsa 1,500, in kuɗin hidima kashi 10 ne, 2,000, ka tashi da 23,500. Karanta bil layi-layi. Yawancin kuskure na teburin da aka haɗa ne ko ruwan da aka ajiye ba ka buɗe ba. In jama'a ne kuma kowa zai biya nasa, a faɗa tun farko a rubuta daban-daban.

Riƙe tsabar kuɗi ko da za ka biya da kati. Idan POS ya ce bai yi ba amma an cire maka, kada ka sake sakawa nan take: karɓi takardar da ta fito, ɗauki hotonta, ka biya ta wata hanya, bankinka ne zai dawo da kuɗin. Wajen tura kuɗi ta waya, karanta sunan asusun da babbar murya mai wurin ya tabbatar, ka jira alat ɗinsu ya shiga kafin ka tafi. Ɗan ihsani ga ma'aikacin da ya yi maka hidima ba dole ba ne, amma albashinsu kaɗan ne. In za ka bayar, sa masa a hannu.

Idan abinci ya zo da matsala, faɗa tun a loma ta farko ko ta biyu, ba bayan faranti ya ƙare ba. Kira ma'aikaci gefe, ka faɗi takamaiman abin: kazar ba ta nuna ciki ba, miyar ta juya, madarar ta ƙone. A ƙaramin wuri mai shi yana kusa, kuma ya fi son ya ji daga bakinka ya gyara da ya gani a Facebook. Ragowar abinci kuma a zuba maka a roba, miya daban, tuwo ko shinkafa daban, a bar salak ɗin da aka riga aka sa wa mayonis. Ya shiga firji cikin awa ɗaya da barin teburi, in za a ci a ɗumama shi har tururi ya fito daga tsakiyarsa, kuma sau ɗaya kawai.